Aikin Lauyan Gwamnati a Kano: Tambayoyin da Ɗaliban Shari'a da Sababbin Lauyoyi Suka Fi Yi

Duk shekara, da zarar ɗaliban Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bagauda sun fito zaman koyon aiki a kotuna, ko an rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja sun dawo gida da hula da riga, sai tambayoyi iri ɗaya su riƙa zuwa. Wani ya tare ka a harabar kotu, wani a masallaci bayan Azahar, wata kuma mahaifinta ne zai kira a madadinta. Ga su nan na haɗa wuri guda, daga na farkon shiga zuwa waɗanda sai mutum ya fara aikin suke damunsa.

Wane ne ake kira lauyan gwamnati, kuma mene ne aikinsa?

A bakin mutanen gari, lauyan gwamnati shi ne wanda ke tsayawa a Babbar Kotu yana gabatar da ƙarar wanda ake tuhuma da kisa ko fashi. Wannan gaskiya ne, amma sashe ɗaya ne na aikin. Duk lauyan da gwamnati ta ɗauka aiki tana biyansa albashi don ya yi mata aikin shari'a, shi ne lauyan gwamnati. Wasu suna Ma'aikatar Shari'a ta Jiha da ke Sakatariyar Audu Bako, wasu a sashen shari'a na hukumomi irin su hukumar tara haraji da ta tsara birane, wasu a Majalisar Dokoki, wasu kuma a ofisoshin tarayya da ke nan cikin Kano.

A saman Ma'aikatar Shari'a akwai Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a. Sashe na 195 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce shi ne babban jami'in shari'a na jiha, kuma sai wanda ya shekara goma da zama lauya zai riƙe kujerar. Shi Gwamna ke naɗa shi, yakan tafi idan gwamnati ta tafi. Lauyoyin da ke ƙarƙashinsa kuwa ma'aikata ne na dindindin, su ne suke nan gwamnati bayan gwamnati, kuma cikinsu kake neman shiga.

Ina aji uku a jami'a. Akwai abin da zan fara yi tun yanzu?

Akwai, kuma ba ya buƙatar sanin kowa. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Ranar da ba ka da lacca, sa tufafi masu kyau, ka tafi Babbar Kotu ta Miller Road ko ta cikin Audu Bako, ka zauna a baya ka saurara. Wata rana ka je kotunan majistare na Nomansland ko Gyaɗi-Gyaɗi, wata rana Babbar Kotun Shari'ar Musulunci ta Ƙofar Kudu. Riƙe ɗan littafi, ka rubuta yadda ake gabatar da shaida, yadda ake neman beli, da dalilin da ya sa aka ɗage zama. Wata uku a haka zai sa darasin dokar shaida ya zauna maka fiye da yadda haddar dare za ta yi.

A dogon hutu kuma, karɓi takardar gabatarwa daga tsangayarku ka kai Ma'aikatar Shari'a ko ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ka nemi a bar ka ka zauna da wani lauya na 'yan makonni. Kada ka sa rai da kuɗi. Abin da za ka samu shi ne ganin fayil na gaske, da kuma mutanen da za su riƙe fuskarka. Wannan na biyun yana da amfani daga baya, kamar yadda za ka gani a amsar da ta shafi uwa a gindin murhu.

Ɗalibin Jami'ar Bayero yana da wata riba da yakan manta da ita: digirinsa ya haɗa dokokin zamani da Shari'ar Musulunci. Kada ka ɗauki darussan gado da aure da shaida a fiƙihun Malikiyya a matsayin na neman maki kawai. A Kano rabin aikinka zai iya fitowa daga nan.

A zaman koyon aiki na Makarantar Lauyoyi, in zaɓi ma'aikata ko cembar lauya mai zaman kansa?

Zaman kashi biyu ne, na kotu da na ofishin lauya, kuma Ma'aikatar Shari'a tana cikin wuraren da ake tura ɗalibai. Idan zuciyarka tana kan aikin gwamnati, nemi ma'aikatar. A cemba za ka ga yarjejeniyar haya da rajistar kamfani da yadda ake cajin mai ƙara. A ma'aikata za ka ga manyan shari'o'in laifi tun daga kundin binciken 'yan sanda har zuwa hukunci. Kowanne da amfaninsa, sai dai na biyun ba ko'ina ake samunsa ba.

Aibin ma'aikata shi ne yawan ɗalibai. Wanda ya zauna a benci yana jiran a kira shi, haka zai gama zamansa, a sa masa hannu a littafi ya koma Bagauda. Kai ka zaɓi lauya ɗaya mai zuwa kotu kullum, ka ce: "Ranka ya daɗe, in riƙe maka fayil gobe?" Da wuya a hana ka.

Bautar ƙasa fa? Ana lissafa ta a matsayin gogewa?

Ƙwarai kuwa, domin lauya ɗan bautar ƙasa cikakken lauya ne. An rantsar da shi, sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana iya tsayawa gaban alƙali ya yi magana. Ana tura irinsu ma'aikatun shari'a, kotuna, sashen shari'a na 'yan sanda, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Ita wannan hukumar an kafa ta tun 1976, yanzu tana aiki da dokar 2011, kuma aikinta kare talakan da ba zai iya ɗaukar lauya ba. A ganina babu wurin da ya fi ta saurin koya wa sabon lauya tsayuwa da ƙafarsa, saboda fayiloli sun fi ƙarfin ma'aikatanta, dole a ba ka naka.

Ɗan Kano yawanci wata jiha za a tura shi. Kada ka ɗauki hakan asara: Ma'aikatar Shari'a ta Kwara ko ta Kuros Riba ma makaranta ce, kuma takardar yabo daga Daraktan Gabatar da Ƙararraki na can tana da nauyi a nan. Wanda aka turo Kano kuwa, bayan ya fito daga sansanin Kusalla a Ƙaraye, ya yi ƙoƙarin samun takardar neman a turo shi daga ofishin da yake so. Matar aure tana da damar neman a mayar da ita jihar mijinta. Wanda kuma ya wuce shekara 30 lokacin da ya gama digiri, takardar ɗauke nauyi ake ba shi, ita ma tana shiga wajen neman aiki.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun da wuri: yin bautar ƙasa a ma'aikata ba ya nufin za a riƙe ka. Shugaban sashe ba shi da ikon ɗaukar ma'aikaci na dindindin komai son da yake maka. Amsa ta gaba ta bayyana masu wannan ikon.

To wa ke ɗaukar aikin? Wace ƙofa zan ƙwanƙwasa?

Ƙofofin huɗu ne, kuma yawancin masu nema suna rikita su. Lauyan Ma'aikatar Shari'a ta Jiha, Hukumar Kula da Ma'aikata ta Jiha ce ke ɗaukarsa, bayan Gwamna ya amince a ɗauki sababbi. Majistare da alƙalin kotun Musulunci da rajistara kuwa, Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Jiha ce ke naɗa su, wadda Babban Joji ke shugabanta. Waɗannan hukumomi biyu Kundin Tsarin Mulki ne ya kafa su a sashe na 197, kuma ba sa shiga gonar juna.

Ta uku ita ce Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya a Abuja, mai ɗaukar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya. Daga wannan ma'aikatar ake rarraba lauyoyi zuwa sauran ma'aikatun tarayya su zama masu ba su shawara. Neman aikin yanzu ta intanet ake yi, kuma jarrabawar a kwamfuta. Ta huɗu kuma hukumomin da dokarsu ta ba su ikon ɗaukar ma'aikatansu da kansu, irin su EFCC da ICPC da NDLEA. Akwai bayani a kansu a tambayar da ta shafi hukumomin tarayya.

Babu ɗaya daga cikin ƙofofin nan da ke buɗe kullum. Sai a yi shekaru ba a ɗauki kowa ba, rana ɗaya a fitar da sanarwa a ba da 'yan makonni. Shi ya sa sauraron rediyo da bibiyar dandalin ƙungiyar lauyoyi ta NBA, reshen Kano ko na Ungogo, yake cikin neman aikin.

Waɗanne takardu zan tanada?

Shaidar digiri, shaidar Makarantar Lauyoyi, takardar rantsarwa, shaidar gama bautar ƙasa ko ta ɗauke nauyi, sakamakon sakandare, shaidar firamare, takardar haihuwa ko rantsuwar shekaru, lambar NIN, da takardar shaidar zama ɗan ɗaya daga ƙananan hukumomi 44. Ka haɗa da rasit ɗin kuɗin lasisin aiki na shekara, wanda ake biya kafin 31 ga Maris.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa. A wata takarda Muhammad, a wata Mohammed, a wata an ƙara sunan unguwa. Gyara wannan yana cin watanni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Zauna yau ka jera takardunka a tabarma ka duba su harafi bayan harafi.

Gaskiya ne sai kana da uwa a gindin murhu?

Ba zan ce maka alfarma ba ta aiki ba. Tana yi, kowa ya sani, kuma abin yana da ciwo ga yaron da ya fito da sakamako mai kyau amma ubansa ɗan tireda ne a Kurna. Sai dai akwai abin da na gani da idona sau da yawa. Ma'aikatar shari'a ba wurin ɓoye rago ba ce, domin wani ne dole ya tsaya gaban alƙali da ƙarfe tara na safe ya kare fayil. Manyan da ke ciki sun san haka, saboda haka idan damar ɗauka ta zo suna faɗin sunayen yaran da suka gani suna aiki. Yarinyar da ta yi shekara tana rubuta musu takardun kotu ba tare da kuskure ba, ta riga ta samu mai magana a madadinta, ko da ba ta san kowa a Gidan Gwamnati ba.

Sayen aiki kuma wani abu ne dabam, kuma ina roƙonka kada ka kusance shi. Hukumomin ɗaukar aiki ba sa sayar da gurbi. Na san wani ƙaramin lauya da mahaifiyarsa ta sayar da filinta aka ba wani mutum kuɗin, aka kawo masa takardar kama aiki mai tambari da sa hannu, sai ranar tantancewa aka gano ta bogi ce. Kuɗin bai dawo ba, kuma da ƙyar ya tsira daga tuhuma. Ga lauya abin ya fi muni, domin gabatar da takardar jabu na iya kai shi gaban kwamitin ladabtarwa a soke sunansa.

Ko aikin da babban mutum ya sama maka ma yana da farashi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a wannan aikin yakan zo a siffar fayil da ake so ka kawar da kai daga gare shi.

Waɗanne sassa ne a Ma'aikatar Shari'a, kuma wanne ya fi dacewa da sabon shiga?

Sashen gabatar da ƙararrakin laifi shi ne mafi girma da hayaniya. Sashen ƙararrakin farar hula yana kare gwamnati idan an kai ta ƙara a kan fili, kwangila, diyya ko korar ma'aikaci, kuma lauyansa yana yawo tsakanin Babbar Kotu, Kotun Ma'aikata da Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sashen tsara dokoki shi ke rubuta ƙudurorin da gwamnati ke kai wa majalisa, yana kuma duba yarjejeniyoyi. Akwai kuma sashen kare haƙƙin jama'a, inda ake karɓar koke ana sasanta mutane kyauta.

Sabon shiga ba shi ke zaɓa ba, inda aka kai shi nan zai zauna. Amma idan an tambaye ka, ka ce sashen laifi, ko da na shekara biyu ne. Nan harshe ke warwarewa. Sashen tsara dokoki kuwa matasa suna gudunsa don babu kotu babu suna, alhali masu iya rubuta doka kaɗan ne a ƙasar nan. Mai Shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ƙoli daga 2012 zuwa 2014, ta fara ne a matsayin ƙaramar lauyar gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa a 1967, ta kuma yi aiki a ofishin tsara dokoki kafin ta zama majistare.

Ina jin ana cewa "ana jiran shawarar lauyan gwamnati". Mene ne wannan?

Wannan ita ce zuciyar aikin, kuma a nan nake so kowane sabon lauya ya tsaya ya yi tunani. Idan 'yan sanda suka kama mutum da babban laifi, misali kisan kai da ke ƙarƙashin sashe na 221 na Final Kod, wato kundin dokokin laifuka, sukan fara kai shi gaban majistare. Majistare ba shi da hurumin yin wannan shari'ar, sai dai ya ba da umarnin a tsare shi. Daga nan a aika kundin binciken zuwa ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki. Wani lauya ne zai karanta bayanan shaidu da rahoton likita da maganar wanda ake zargi, ya rubuta ra'ayinsa: ko akwai hujjar da za a kai shi Babbar Kotu, ko laifin bai kai wanda aka rubuta ba, ko kuma a sake shi.

Duk tsawon lokacin da fayil ɗin ke kan teburinka, mutumin yana gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse. Ba a same shi da laifi ba, kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce marar laifi ne har sai an tabbatar. Matarsa tana kai masa abinci daga Rimin Kebe, 'ya'yansa sun daina zuwa makaranta. A ɗaya gefen kuma ga iyalan wanda aka kashe suna jiran a yi musu adalci, shaidu suna watsewa, ɗan sandan da ya yi binciken an mayar da shi wata jiha. Jinkirin mako guda a ofis, su a wajensu ba ƙaramin abu ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta sa wa'adin kwana 14 na ba da wannan shawara, Kano kuma ta yi tata dokar a 2019, wadda ya kamata ka karanta daga bango zuwa bango kafin ka shiga tantancewa.

Ga shawarata idan aka ba ka fayil na farko. Rubuta ranar da aka kama mutumin a saman takardarka, inda idonka zai riƙa faɗawa. Jera abubuwan da doka ta ce sai an tabbatar kafin laifin ya tabbata, ka sa sunan shaidar da ke tabbatar da kowanne a gabansa. Inda ka ga gurbi babu shaida, faɗi haka ƙarara. Rubuta "a sake shi" idan babu hujja aiki ne na lauyan gwamnati kamar yadda samun hukunci yake.

Nawa ne albashin?

Bai kai yadda dangi suke zato ba. Mai digiri yana shiga aikin gwamnati a mataki na 8, lauya kuwa ana sa shi gaba da haka saboda shekarar Makarantar Lauyoyi, kuma akwai alawus na musamman da ake ba lauyoyin gwamnati. Ainihin adadin yana sauyawa da gwamnati da kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a tarayya a 2024, Kano kuma ta sa nata 71,000. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi wanda aka ɗauka a zubin baya abin da ke shiga asusunsa bayan an cire haraji da fansho. Hukumomin tarayya masu tsarin albashinsu na kansu sun fi jiha biya.

Shekara biyun farko na gwaji ne kafin a tabbatar da kai. Ƙarin girma a matakan tsakiya duk bayan shekara uku ne, a manyan matakai huɗu, kuma daga mataki na 10 ana tsallakawa zuwa na 12. Ritaya tana zuwa a shekara 60 da haihuwa ko 35 da aiki. Idan ka kwatanta da abin da ƙananan lauyoyi ke samu a cemba da yawa, inda wani sai kuɗin mota ake ba shi idan ya je kotu, albashin da ke zuwa duk wata abin dogaro ne ga mai shirin aure. Bayan shekara goma kuwa, abokinka da cembarsa ta kafu zai iya wuce ka nesa. Ka shiga da sanin wannan.

Zan iya buɗe cemba tawa a gefe?

A'a. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulki ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Ƙa'idojin aikin lauya su ma ba su yarda lauya mai albashi ya tsaya wa wani a kotu ba, sai dai lauyan gwamnati da ke tsaya wa gwamnatin. Za ka ji ana cewa wane yana yi, ba a ce masa komai ba. Ranar da aka so kama shi, wannan ce igiyar. Kuma da ka kama aiki za ka cike fom ɗin bayyana kadara na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata.

Ina son alƙalanci. Ta ina ake farawa?

Majistare lauya ne da Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta naɗa, kuma yawan shekarun gogewar da ake nema yana cikin sanarwar ɗaukar. Alƙalin Babbar Kotu sai wanda ya shekara goma da zama lauya, haka sashe na 271 na Kundin Tsarin Mulki ya ce. Lauyoyin ma'aikata da majistarori suna cikin waɗanda aka fi ɗauka, domin ana neman hukunce-hukuncen da mutum ya rubuta ko shari'o'in da ya yi har ƙarshe. Saboda haka tun daga shekarar farko ka riƙa karɓar kwafin hukuncin duk shari'ar da ka kammala kana adanawa. Tun gyaran da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2023, alƙalan manyan kotuna suna ritaya a shekara 70.

Kotunan Musulunci hanyarsu dabam. Ba dole sai wanda ya je Makarantar Lauyoyi ba, kuma da yawa daga alƙalai da rajistarori da magatakardan kotunan nan sun fito ne daga Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Addinin Musulunci da Shari'a, wadda Kanawa ke kira Ligal. Abin da ake dubawa shi ne Larabci da fiƙihun Malikiyya: littattafai irin su Risala, Mukhtasar da Tuhfa. Ƙadi na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci kuwa, sashe na 276 na Kundin Tsarin Mulki ya buɗe ƙofa biyu, ta lauyan da ya shekara goma kuma yake da shaidar karatun Shari'a, da ta malamin da ya riƙe irin wannan shaidar shekara goma tare da gogewa. Wanda ya haɗa lauyanci da karatun zaure mai ƙarfi, ƙofofin duka nasa ne.

Ni mace ce, ga aure ga yara. Aikin zai yiwu?

Zai yiwu, kuma shi ya sa mata lauyoyi da yawa a Kano suka fi karkata gare shi. Lokacin tashi sananne ne, akwai hutun haihuwa da albashi, kuma aikin jiha ba zai kai ki wajen jihar ba. Ranar kotu dai ranar kotu ce, alƙali ba zai jira ki kai yara makaranta ba, don haka ki tsara gida tun kafin ki fara. Babbar Jojin Kano da aka rantsar a 2023, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki, ita ce mace ta farko a wannan kujera.

Akwai kuma shari'o'in da ake matuƙar buƙatarki a cikinsu. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wadda aka kai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, ta fi iya buɗe baki ga mace, haka ma mahaifiyarta. Shiga ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tun kina sabuwa zai haɗa ki da yayyen da suka riga ki bin hanyar.

Hukumomin tarayya da masu kaki fa?

EFCC da ICPC da NDLEA da NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam duk suna da ofisoshi a Kano, kuma da yawa daga shari'o'insu a Babbar Kotun Tarayya ta Gyaɗi-Gyaɗi ake yin su. Amma aikin tarayya na ƙasa ne baki ɗaya. Yau kana Kano, gobe takarda ta fito an kai ka Fatakwal. Wanda ba zai iya barin iyayensa ba, ya nemi na jiha, ciki har da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Kano.

Soja yana ɗaukar lauyoyi ta hanyar gajeren horon hafsoshi na masu digiri. 'Yan sanda ma suna buƙatarsu: sashe na 66 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce a sa aƙalla ɗan sanda ɗaya da yake lauya a kowane babban caji ofis, don kula da haƙƙin waɗanda aka tsare. Waɗannan ayyukan suna da iyakar shekaru da gwajin lafiya, saboda haka mai sha'awa kada ya jinkirta.

Idan manya suka matsa mini a kan wani fayil, yaya zan yi?

Zai faru, wani lokaci ma ba daga sama ba. Kawunka ne zai zo da daddare ya ce yaron da aka kama ɗan maƙwabcinsa ne. Ka san iyakar ikonka: dakatar da shari'ar laifi ikon Antoni Janar ne ƙarƙashin sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki, kuma shi ma an ce ya duba maslahar jama'a da adalci da hana wasa da shari'a. Kai naka shi ne rubuta ra'ayinka na gaskiya a cikin fayil, da sa hannu da kwanan wata. Idan na sama ya ga akasin haka, ya rubuta nasa. Umarnin baki a kan abu mai nauyi, ka nemi a sa shi a rubuce cikin ladabi. Fayil ɗin da ya shafi ɗan'uwa ko aboki kuwa, mayar da shi ga shugabanka ka faɗi dalili, a ba wani.

Idan na shiga, na maƙale ke nan?

Ko kaɗan. A. B. Mahmoud, wanda ya shugabanci NBA ta ƙasa daga 2016 zuwa 2018, ya yi shekaru a Ma'aikatar Shari'a ta Kano har ya riƙe kujerar Antoni Janar kafin ya koma aiki mai zaman kansa. Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1995 zuwa 2006, shi ma lauyan gwamnati ne a farkon aikinsa. Wasu suna komawa koyarwa a jami'a, wasu bankuna da kamfanoni. Abin da ke maƙalar da mutum shi ne ya daina karatu ya daina zuwa kotu. Bayan an tabbatar da kai kana iya neman izinin ƙaro karatu, ga Jami'ar Bayero a kusa mai digiri na biyu a shari'a.

Na gama bautar ƙasa, ba a buɗe ɗaukar aiki ba. In zauna in jira?

Kada ka zauna. Shiga cemba ko da abin da za a ba ka kaɗan ne, ka zaɓi wadda ke zuwa kotu a kan wadda ta fi kyawun ofis. Biya kuɗin lasisinka, karɓi hatiminka na NBA, ka riƙa zuwa taron reshe na wata-wata. Ka kai sunanka Hukumar Ba da Agajin Shari'a a cikin masu karɓar shari'a kyauta, ko ka shiga cikin lauyoyin da ke zagaya caji ofis suna duba waɗanda aka tsare. Duk shari'ar da ka yi, rubuta lambarta da kotun da sakamakon a littafi guda. Ranar tantancewa idan aka ce ka ba da labarin wata shari'a da ka yi da kanka, daga wannan littafin za ka ɗauko amsa.